Jan Kirefish: Baƙon da Aka Kawo Don a Ci, Ya Koma Yana Cin Tafki

A gaɓar Tafkin Naibasha da ke Kenya, dorina kan fito kiwo da daddare, ta bar sawunta a cikin laka, kowane sawu kamar ƙaramar ƙwarya cike da ruwa. A wani lokaci da ruwan tafkin ya ja baya, masu bincike suka leƙa cikin waɗannan sawaye, suka tarar da wasu jajayen halittu masu hannuwa biyu irin na kunama sun laɓe a ciki. Da rana suna kwance a ɗan ruwan da ya taru. Idan dare ya yi sai su fito kan tudu, su yi kiwon ɗanyen tsiron da ya fito a inda ruwa ya bari. Halittar ruwa ce, amma da abinci ya ƙare a ruwa sai ta hau tudu ta nema. Duk wanda ya fahimci wannan ɗabi'a ya kama hanyar gane dalilin da ya sa ƙasashe masu kuɗi da masana suka shafe shekaru suna fama da ita ba su ga bayanta ba.

Sai mun fara da gyara suna, domin akwai ruɗani. Kirefish ɗin da muke saya a mudu ko a ƙulli, ana dakawa a zuba a miya, ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku, a wurare irin su Oron, a busar a kawo mana Arewa. Wanda muke magana a kansa a nan, wato jan kirefish, dabam ne. Na ruwan daɗi ne, tsawonsa kamar tafin hannu, wajen santimita 10 zuwa 12, yana da ɓawo mai tauri da manyan hannuwan da yake datsa da su. Asalinsa fadamun Luwiziyana da kewaye a kudancin Amurka, da arewa maso gabashin Meksiko. A can gida abinci ne na marmari, ana nomansa a gonakin shinkafa, ana dafa shi a manyan tukwane da barkono. A duk faɗin nahiyar Afirka kuwa babu kirefish ɗan asali ko ɗaya, in ban da tsibirin Madagaska. Kogunanmu ƙaguwa suka sani da jatan lande. Saboda haka duk inda aka gan shi a Afirka, mutum ne ya kawo shi.

Fadamar da ya taso a cikinta takan cika ta kuma ƙafe, sai ya zo da shirin duka biyun. Idan ruwa ya fara janyewa yakan haƙa rami a gaɓa, wani lokaci ya kai zurfin mita guda, ya toshe bakinsa da laka, ya zauna cikin danshi har ruwa ya dawo. Yana jure ruwa mai ƙazanta da ƙarancin iska, irin wanda kifi ba ya iya rayuwa a ciki. A daren da aka yi ruwan sama yakan fito ya taka ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Cikin watanni kaɗan yake balaga, macen tana ɗaukar ƙwai ɗaruruwa a ƙarƙashin jelarta, tana yawo da su har su ƙyanƙyashe, kuma a ƙasashe masu zafi takan yi fiye da sau ɗaya a shekara. Ba ya zaɓen abinci: ciyawar ruwa, katantanwa, talibambam, ƙwan kifi, mushe, har ƙanana daga cikin jinsinsa.

Bai tsallake teku da ƙafarsa ba. A 1927 aka kai shi Japan don a ciyar da wasu manyan kwaɗi da ake kiwo. Kimanin 20 ne suka isa da rai, kuma yau da wuya a sami yankin shinkafa a ƙasar da babu shi. Ba da jimawa ba ya shiga China ta wajen birnin Nanjin. Kenya ta karɓe shi a 1966, aka zuba shi a Naibasha a 1970. Sifen ta shigo da shi a 1973 da 1974. Masar kuma a farkon shekarun 1980. A kusan kowane wuri, wanda ya kawo shi alheri yake nufi: sana'a ga masunta, abinci ga kifi, abin fitarwa waje a samo kuɗi. Wannan ne ya sa labarin yake da ciwo. Ba a yi shi da mugunta ba, an yi shi da gaggawa ne, ba tare da an tambayi abin da zai faru idan ya yi yawa ba.

Naibasha tafki ne na ruwan daɗi a kan tudu, arewa maso yammacin Nairobi. A da gefensa cike yake da bado mai shuɗin fure, ƙarƙashin ruwan kuma akwai ciyayi masu yawa da ƙananan kifaye ke fakewa a ciki, agwagin ruwa suna kiwo a kai. Da farko lissafin waɗanda suka kawo kirefish ya yi kamar zai fita. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara kama shi ana kai wa Turai, tan ɗaruruwa a shekara. Sai dai a lokaci guda bado ya fara ɓacewa, kuma zuwa farkon shekarun 1980 ciyayin ƙarƙashin ruwa sun kusa ƙarewa ƙaf. Gaskiya ba shi kaɗai ne mai laifi ba, domin akwai wani baƙon ɓeran ruwa da ya tsere daga gidajen kiwo yana cin bado shi ma. Amma abin da aka yi ta gani daga baya ya nuna inda nauyin yake: duk lokacin da kirefish ya ragu sai ciyayi su farfaɗo, idan ya sake yawa sai su sake tafiya.

Ɓarnar tasa ta wuce abin da yake haɗiya. Yana datse karan ciyawa daga gindi ko da ba zai ci ba, sai ta taso sama ta ruɓe. Ciyawar ruwa ita ke riƙe laka a ƙasa, ita ke shanye takin da ke cikin ruwa. Idan ta tafi, shi kuma yana ta tonon ƙasa, sai laka ta tashi, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta samu abinci ta yi yawa, hasken rana ya daina kaiwa ƙasa. Ciyawar da za ta sake tsirowa ba ta samun haske, wadda ta samu ta leƙo kuma ya datse ta. Haka tafki mai ruwa garau yake komawa kore ko ruwan ƙasa, kuma ba ya komawa yadda yake da kansa. An ga wannan ƙarara a wani ƙaramin tafki mai suna Chozas a arewacin Sifen. Bayan kirefish ya shiga a ƙarshen shekarun 1990, kashi 99 cikin 100 na ciyayin ruwan suka tafi, nau'o'in kwaɗi da danginsu suka ragu da kashi 83, tsuntsayen ruwa da kashi 52.

Shi masunci ba ya bukatar waɗannan alƙaluma, domin yana gani a ragarsa. Ya kafa raga da yamma, karfasa ta shiga da daddare ta maƙale. Kafin ya zo da asuba kirefish ya hau ta, ya cinye idanu da ciki, ya bar ragowar da babu mai saya. Shi kansa kirefish ɗin ya sarƙe a zaren, sai an karya shi ko an yanke raga kafin a cire. Rabin yini ya tafi a ɗinki. A Masar, inda ya bazu a Kogin Nilu da magudanan ban ruwa bayan kiwon da aka kawo shi dominsa ya rushe, masunta sun daɗe suna kiransa kyankyason ruwa saboda irin wannan asara. Manomi kuma nasa kukan ramuka ne. Jingar da ya tara don riƙe ruwa a gonar shinkafa sai ta zama rariya, ruwa yana zurarewa ta ƙasa ba a gani, wata rana ta burme. A yankin Yuwanyan na kudancin China, gonakin shinkafa masu hawa-hawa da aka sassaƙa a jikin duwatsu shekaru aru-aru da suka wuce sun fuskanci wannan matsala, har hukuma ta shiga yaƙi da shi. A Kenya kuma ya haura daga Naibasha zuwa Kogin Malewa, kuma a wuraren da ya yi ƙarfi ƙaguwar asali ta ja baya.

A Turai akwai ƙarin masifa. Kirefish na Arewacin Amurka yana ɗauke da wata irin fumfuna ta ruwa da ba ta cika kashe shi ba, amma tana gamawa da kirefish na Turai cikin 'yan makonni. Cutar ta fara bayyana a Italiya wajen 1860, ta isa Suwidin a 1907, ta share koguna. Mutanen Suwidin, waɗanda cin kirefish a watan Agusta al'ada ce gare su, sai suka je Amurka a shekarun 1960 suka kawo wani nau'in da ke jure cutar don ya maye gurbin nasu. Ashe shi ma ɗauke yake da ita. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Daga Suwidin aka kai wannan nau'in Ingila a 1976, kuma a yankuna da yawa na kudancin ƙasar nasu na asali ya ɓace. Yanzu abin da ya rage musu shi ne su kwashe 'yan ragowar su kai keɓaɓɓun tafkuna inda baƙon ba zai isa ba, su kuma roƙi masu kamun kifi su wanke takalma da kayan aiki su shanya su bushe kafin su shiga wani kogi, domin cutar tana bin danshi.

To, me ya hana a kama su duka? Nan ne maganar take da wuya, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Tarkon kirefish kamar gurar masuntanmu yake: keji mai ƙaramar ƙofa, a sa masa abinci a ciki. Wanda ya fi shiga shi ne babban namiji, mai ƙarfi da yawo. Ƙanana suna tsoron shiga inda babba yake, ko su fice ta ramukan keji. Mace mai ƙwai kuwa tana cikin rami ba ta fitowa. Kuma manyan mazan nan su ne ke cinye ƙanana suna rage yawansu. Idan aka kwashe su, an ɗauke wa yara abin tsoro, an bar musu abinci da fili. A wani ƙaramin rafi a Yokshaya da ke arewacin Ingila, masu bincike sun tsotse ruwan wani sashe sau uku a jere don su ƙirga kirefish ɗin da ke ciki, irin wancan da aka kawo daga Suwidin, ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna har guda 110 a murabba'in mita ɗaya, kuma waɗanda girmansu ya kai tarko ya kama ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Wato mai tarko yana iya cika buhu kullum yana jin ya yi aiki, alhali saman tukunya kawai yake yaɗewa.

Guba tana aiki, amma ba ta tantancewa. Maganin ƙwarin da ke kashe kirefish yana kashe kifi da ƙwarin ruwa gaba ɗaya. Norwe ta yi nasara da shi a 2008, a wasu ƙananan kududdufai rufaffu da aka gano baƙon da wuri. Ba wanda zai zuba irin wannan a Kogin Nilu ko a tafkin da dubban mutane ke sha. Ƙafar da ruwa ma ba ya kashe mai rami. A Italiya an gwada kama maza a haska su da na'ura don su daina haihuwa a mayar da su ruwa. Ƙyanƙyasa ta ragu, amma aiki ne mai tsada da ba ya yiwuwa a babban ruwa. Misalin da ya fi ba da ƙarfin gwiwa daga jihar Wiskonsin ta Amurka ya zo, a kan wani nau'in dabam. A wani ƙaramin tafki an yi ta kafa tarko ba fashi daga 2001 zuwa 2008, aka kuma taƙaita kamun kifayen da ke cin ƙananan kirefish, har yawansa ya faɗi da kashi 99 cikin 100, ciyayi suka dawo. Tarko ya ɗauke manya, kifi ya ɗauke yara. Shekara takwas ke nan a tafki guda ƙarami, kuma duk da haka ba a kai ga na ƙarshe ba.

Daga nan sai mutane su ce: tunda ana ci, a cinye shi mana. Maganar tana da daɗin ji, kuma ga mai bin mazhabar Malikiyya babu ma shamaki, tunda halittun ruwa halal ne. Ni dai ina ganin wannan shawara ita ce mafi haɗari a cikin duka, kuma Sifen ce shaida. An zuba shi a fadamun shinkafa na Kogin Gwadalkibir, kusa da birnin Sebiya (sunan kogin daga Larabci yake, Wadil Kabir, tun zamanin Andalus). Da ya yi kuɗi, masunta da kansu suka riƙa ɗaukarsa a bokiti suna kai wa wasu koguna da tafkuna don su ma su samu na kamawa a kusa da gida. Cikin shekaru kaɗan ya cika ƙasar ya tsallaka Fotugal. A garin Isla Mayor aka gina masana'antu, ana sarrafa tan dubbai a shekara ana fitarwa waje. Da Kotun Ƙolin Sifen ta yanke hukunci a 2016 cewa a daina cinikinsa saboda baƙo ne mai ɓarna, mutanen garin suka fito zanga-zanga, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin abincin 'ya'yansu ne. A 2018 aka gyara doka aka buɗe ƙofar ci gaba da kamun. Wanda ke ci da abu ba zai so ya ƙare ba. Zai kama manya ya bar ƙanana su girma, kamar yadda kowane makiyayi mai hankali zai yi. Daga ranar da baƙon ya samu kasuwa, ya samu masu kare shi.

China ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Tun daga 2019 abin da take nomawa ya haura tan miliyan 2 a shekara, mafi yawa a gonakin shinkafa na lardin Hubei da maƙwabtansa, kuma miliyoyin mutane suna ci da wannan sana'a. Masar ma yanzu tana sarrafa shi tana sayar wa ƙasashen waje, masuntan da suka tsane shi jiya wasu sun koma kamunsa. Ba na musun cewa inda ya riga ya mamaye, gara a ci moriyarsa da a zauna ana kuka. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki ribar Hubei a nuna wa wanda ruwansa ke lafiya a ce ya shigo da shi. Ribar tana shiga aljihun mai masana'anta da mai tarko, asarar kuma ta faɗa kan mai raga, da manomin da jingarsa ta burme, da tafkin da ba shi da bakin magana.

Akwai hujja guda da ta fi nauyi, wadda ta shafe mu kai tsaye, ita ce tsargiya. Ƙwayar cutar da ke sa yara fitsarin jini sai ta bi ta jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa kafin ta shiga mutum, shi kuwa jan kirefish yana cin wannan katantanwa yana kuma cinye ciyawar da take maƙalewa. A Kenya an yi gwaji a shekarun 1990, aka ga a wani wuri da ya kafu sosai katantanwar ta ragu, yara 'yan makaranta da ke sake kamuwa bayan an ba su magani su ma suka ragu. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana kuka wajen fitsari ba zai raina wannan ba. Amma tsargiya tana da magani mai araha da ake rabawa a makarantu, kuma rijiyar burtsatse da ban-ɗaki suna katse hanyarta. Idan ma dole sai an nemi mai cin katantanwa, a Kogin Senegal an gwada dawo da jatan landen kogi na asali, wanda madatsar Diyama ta tare wa hanya, aka kuma ga alamun nasara. Maganin da aka sha aka ga bai yi ba ana iya dainawa. Kirefish da aka zuba a kogi ba a iya kiransa ya fito.

Dokokin da aka yi daga baya da yawansu sun koma kan tare ƙofa. Tarayyar Turai ta sa nau'o'in kirefish biyar a jerin halittun da aka hana shigowa da su, kiwonsu, sayar da su da rai ko sakinsu, a 2016. Japan ta yi nata da lura. Yara a can sun saba kama shi suna ajiyewa a gida, gidaje dubu ɗaruruwa suna da shi. Hukuma ta gane cewa idan ta hana ajiyewa baki ɗaya, mutane za su ji tsoro su kwashe su zuba a rafi. Sai dokar Yunin 2023 ta ce kana iya riƙe wanda ke hannunka har ya mutu, amma ba ka sayarwa, ba ka saki. Wannan doka ce ta wanda ya san halin mutanensa.

Cikin biyar ɗin nan da Tarayyar Turai ta hana akwai wanda ya fi ba ni tsoro. A tsakiyar shekarun 1990 aka lura da wani kirefish mai zane-zane a hannun masu kiwon kifin ado a Jamus. Duka mata ne, kuma ba sa bukatar namiji: kowace tana yin ƙwai su ƙyanƙyashe su fito kwafinta sak. Guda ɗaya ta isa ta kafa al'umma. Ta isa Madagaska, inda yankin da ta mamaye ya ninka kusan sau 100 tsakanin 2007 da 2017, tana cikin gonakin shinkafa, ana sayar da ita a kasuwa da araha, tana kuma matsar kirefish ɗin tsibirin na asali waɗanda babu irinsu a ko'ina a duniya. A kudancin Afirka kuma wani nau'in daga Ostireliya, mai jan hannu, wanda aka kawo don kiwo, ya tsere ya shiga Kogin Kafuwe da Tafkin Kariba, masuntan Zambiya da Zimbabuwe suna kuka da shi irin kukan na Naibasha.

Mu a nan mun san yadda ruwa ke canzawa a hannun abu guda. Mutanen Hadejia da Nguru sun ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yanayin ambaliya, ta cinye wuraren su da gonaki, kuma har yau ana fama. Duk abin da jan kirefish ke so muna da shi: zafi, fadama mai cika da ƙafewa, gonakin shinkafa a Kadawa da Bakolori da kwarin Hadejia, ƙananan magudanai da jingar ƙasa. Kiwon kifi kuma yana bunƙasa, matasa suna kallon bidiyon gonakin ƙasashen waje a waya suna neman sabon abin da zai kawo kuɗi da sauri. Wanda zai kawo shi ba zai zo da mugun nufi ba. Zai haƙa kududdufi a bayan gari, ya kewaye shi da raga, ya yi imani cewa ya killace. Sai damina ta yi ƙarfi a watan Agusta, ruwa ya shafe gaɓar kududdufin cikin dare ɗaya, ya haɗe da rafin da ke gangarawa kogi, kamar yadda masu kiwon tarwaɗa suka sha gani da nasu kifin.